Daga Lugu zuwa gulbi: farkon damana, kifi sama yake kallo

Baƙon da ya sauka Lugu a ƙarshen bazara, in ya ce zancen kifi ya kawo shi, dariya za a yi masa. Ko ina ya duba jan dutse ne da rairayi, sai sabara da geza da kalgo da suka sha rana har suka yi toka-toka. Mata suna bakin rijiya tun asuba, awaki suna kewaya su. Ba gulbi, ba ƙorama mai gudu. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Dankasari, gundumar Dogon Dutsi, jahar Doso, kuma sai an bar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni kafin a kai gare shi.

Sunan Lugu ya fi garin girma. Nan ne mazaunin Sarauniya, kuma kusa da nan dutsen Tunguma yake, wanda Azna ke kai wa ƙara in magana ta gagari mutane. Nan ne, ran 16 ga Afrilu 1899, Sarauniya Mangu da maharbanta suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine. Wannan labari ƴan lakwal ma sun san shi. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yadda busasshiyar ƙasar nan ke juyewa cikin kwana biyu ko uku in ruwa ya sauka, har yaro ya shiga gida da kifi a hannu.

Shamuwa ce ke fara kawo albishir. In aka gan ta bisa itatuwan gari tana gyaran sheƙa, manomi sai ya ciro sungumi da iri, don watan bakwai na lissafin manoma ya kusa. Hadari yana tasowa daga gabas, ƙura a gaba, ruwa a baya. Ruwan da ƙasar Arewa ke samu a shekara yakan tsaya tsakanin milimitir 400 da 600, kuma kusan dukansa cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Tudun jan dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi ta kwazazzabai, ya kwashi ƙasa da kashin dabbobi da busasshen ganye, ya je ya kwanta a kwari. Kafin gari ya waye, inda jiya aka bi da ƙafa ya zama tabki mai jan ruwa. Da dare kwaɗi su hana kowa barci. Da maraice shinge ya fito daga suri kamar hayaƙi, ya yi ta faɗawa bisa ruwa.

Gaiwa ce mai gida

Kifin da ya fara bayyana a irin waɗannan tabkuna, inda ƙasa ke da laka, ba daga ko ina ya zo ba. Da ma yana nan. Gaiwa ce. Tun lokacin da tabki ya fara ƙafewa bara ta tona laka ta shige, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar ƴar jaka, ta bar ƙaramar kafa daidai bakinta don iska. Gaiwa tana da huhu, shi ya sa take iya wannan zama. Wata bakwai, wata takwas, ba ci ba sha, naman jikinta ne ke riƙe ta. Daga nan ne Hausawa ke cewa gaiwa jikinta take ci. Masu bincike sun ajiye ta cikin busasshiyar laka fiye da shekara, aka zuba ruwa ta fito da ranta.

In ruwa ya jiƙa lakar, sai ta fito da yunwar wata takwas, ta bi kwaɗi da katantanwa da duk abin da ya faɗo. Kuma dole ne lokaci lokaci ta taso sama ta shaƙi iska, in ba haka ba ta nutse kamar ɗan Adam. Wanda ya zauna shiru bakin tabki da hantsi zai ga ruwa ya ɗan buɗe, baki ya leƙo, ya koma. Wasu mutane ba su cin gaiwa, wasu kuwa ba su haɗa ta da komai. Amma kowa ya yarda da abu guda: ba a sa mata yatsa a baki, don muƙamuƙinta katantanwa yake fasawa.

Tabkunan tudu ba su daɗewa. Mai neman kifi na sosai sai ya gangara yamma, ya faɗa cikin Dallol Mawri, wajen Bagaji da Matankari. Dallol tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani, amma ya bar kwarinsa mai faɗi, da duwatsu tsaye gefe da gefe, da ruwa kwance a ƙarƙashin rairayi. A Dogon Dutsi akwai Tabkin Saw a gefen gari, inda masu garka ke aikin rani. Daga nan in aka yi kudu, ta Kore Mai Ruwa, aka shiga gundumar Tibiri, wadda aka cire daga ta Dogon Dutsi a 2011, sai a ga ƙasa tana ƙara laushi. Wajen Gesheme da Junju ga rake, ga rogo, ga mangwaro, rijiya ba zurfi. Nan ne karin maganar nan ta ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba take zama gaskiya a ido. Tabkunan wannan yanki suna kai wata da watanni, wasu ma ba su ƙafewa har damana ta zagayo.

Irin waɗannan tabkuna ne ma'aikatan gandun daji suka daɗe suna zuba wa ƴaƴan kifi a ƙasar Nijar, musamman tarwaɗa da karfasa, inda kuma ruwa ke da zurfi a ƙara da giwan ruwa. Tabkin Tabalak na jahar Tawa shi ne misalin da kowa ya sani: matafiyin da ya bi hanyar Agadas ya ci soyayyen kifi a bakin hamada.

Me ya sa kifi ke kallon sama

Dalili biyu ne, kuma masunci da ya gane su ya rage wa kansa wahala. Na farko abinci. A makonnin farko na damana, abincin kifi daga sama yake zuwa: shinge, fara, gyare, ƙananan kwaɗi masu iyo, tsutsar da iska ta kaɗo daga reshe. Ƙasan tabki sabo ne, bai riga ya tara komai ba. Na biyu iska. Ruwan farko yana da ɗumi, ga shi ya kwaso dattin rani duka, dattin nan yana ruɓewa yana cinye iskar da ke cikin ruwa. Tarwaɗa tana da wata tsoka mai rassa a bayan kanta wadda take shaƙar iskar waje da ita, don haka ita ma sama take tasowa kamar gaiwa. Karfasa ce ke shan wuya. Wani lokaci bayan ruwa mai ƙarfi akan tarar da ita birjik tana haki a baki-baki.

Ga kuma jan ruwa, wanda ko mutum ya sa hannu ba ya ganin yatsunsa. Cikin irin wannan ruwa ido ba ya aiki. Tarwaɗa da ma idonta ƙanana ne. Da gashin bakinta takwas take lalube, kuma kamar sauran kifaye tana da wani layi a gefen jiki wanda ke jin motsin ruwa tun daga nesa. Fara ta faɗa tana shure-shure, tarwaɗa ta ji, ta taso. Ke nan a wannan lokaci ƙoto mai motsi da ƴar ƙara a bisa ruwa ya fi tana da ke kwance shiru a ƙasa.

Yaran Arewa sun san wannan ba tare da an karanta musu ba. A ajiye kwano da ruwa a gindin fitila da dare, shinge ya taru. Da safe a soka biyu ko uku a ƙugiya, ba dalma, a ajiye a hankali bisa ruwa daga bayan wani kalgo. Ko a kama fara a soke ta ta baya yadda ba za ta mutu da wuri ba. Manya kuma sukan ɗaura ƙaramin kwaɗo a gajeren zare, a kafa sanda a bakin tabki yadda kwaɗon zai riƙa taɓa ruwa yana wutsil-wutsil, a tafi gona, a dawo a duba.

Yadda wasu suka mai da abin sana'a

A Amurka akwai wani kifin tabki mai faɗin baki da suke kira bas. Ba motar haya ba, kifi ne, kuma babu shi a ruwayen Nijar, ko da yake an kai shi Afirka ta Kudu a 1928. Halinsa ne ya sa ya shigo wannan zance. Mafarauci ne mai laɓewa a gindin ciyawa da kututture. In ya gama ƙwai, ruwa ya yi ɗumi, wajen watan Yuni, sai ya shigo baki-baki da yunwa, ya riƙa kai wa kwaɗi da ƙananan kifi bara a bisa ruwa, musamman da asuba da kuma gab da magariba. Lokacin ya zo daidai da na shinge a Arewa.

Ana ba da labarin wani mai kiwon zuma, James Heddon, a garin Dowagiac na jahar Mishigan. Wajen shekarun 1890 yana zaune bakin tabki yana fiƙe wani guntun itace don kashe lokaci, da ya gama ya jefa shi ruwa, sai kifi ya taso ya kai masa cafka. Mutumin ya koma gida ya sassaƙa kwaɗon itace ya sa masa ƙugiya. A 1902 ya kafa kamfani, kuma har yau ana sayar da ƙoton ƙarya da sunansa. Ɗaya daga cikinsu, Zara Spook, wanda ya fito a 1939, dogon abu ne kamar sigari, in ana fizgar zare sai ya riƙa karkata dama da hagu kamar kifin da ya ji ciwo. Wani irin kuma bakinsa a rarake yake, in an fizga ya yi ɓulum ya watsa ruwa. Akwai mai ƴar farfela a wutsiya. Akwai kwaɗon roba mai laushi da ƙugiyarsa ke kallon sama don kada ta kama ciyawa.

Labarin da ya fi kusa da manomin Arewa shi ne na George Perry, wani saurayi manomi a jahar Jojiya. Ran 2 ga Yuni 1932 ruwa ya jiƙa gona har ba ta nomuwa, ga zamanin matsi, gida ba nama. Ya shiga kwalekwale da ɗan kifin itace guda, ya kamo bas mai kilo 10 da ƴar ɗoriya. Aka auna, aka rubuta, aka kai gida aka soye. Shekara 77 ba a rubuta wanda ya kamo shi ba, sai a 2009 wani mutumin Japan ya kama kamarsa a tabkin Biwa. Kilo 10 ne abin da duniyarsu ke ta zance a kai. Masuncin Gaya da ya ji wannan sai ya yi murmushi.

Tarwaɗa ma ana yi mata irin wannan dabara. A Afirka ta Kudu masu fatsa suna kiranta ne: su riƙa bugun ruwa da ƙoto ko da bakin sanda, fal, fal, fal, wuri guda, sai ta taso ta ga abin da ya faɗo.

Ba sai an je kanti ba

Ƙoton kamfani yana da tsada, kuma ranar da ya maƙale a kututture kuɗi sun tafi. Amma kayan yinsa suna zube a bayan kowane gari. Busasshen itacen tumfafiya ba nauyi gare shi ba, masunta sun daɗe suna ɗaura shi a raga don ta tsaya bisa ruwa. A yanki guntu kamar tsawon yatsa, a fiƙe baya ya tsuke, a rarake gaba kamar cikin cokali. A huda shi daga kai zuwa wutsiya da jan ƙarfe, a zura waya, a lanƙwasa zobe a gaba don zare, a ɗaura ƙugiya a baya. Ɗan guntun dalma kusa da wutsiya yana sa kai ya ɗaga, bakin ya kama ruwa da kyau. In akwai fenti a shafa fari a ciki, don kifi daga ƙasa yake kallo, bayan ƙoto mai shi kaɗai ke ganinsa. Gashin zabo biyu ko uku a kan ƙugiya sun isa ado. Tsohon silifa kuma, in aka yanka shi siffar kwaɗo aka kwantar da ƙugiya tana kallon sama, yana ratsa ganyen bado ba ya kamawa.

Sanda mai injin naɗe zare ma ba dole ba ce. A naɗe zaren lailan a jikin gwangwani ko kwalba, a juya ƙoto sama da kai, a saki, a nuna bakin gwangwanin wajen ruwa, zare ya warware da kansa.

Wurin jifa ya fi ƙarfin jifa. Ba tsakiyar tabki ake nema ba. A nemi inda kwazazzabo ke zubo ruwa, da gefen ciyawar da ruwa ya hau, da inuwar itacen da ya sunkuya, da ƴan filaye tsakanin bado. A zo a hankali, don kifi yana jin takun ƙafa ta ƙasa, kada kuma inuwar mutum ta riga shi isa ruwa. Ba banza aka ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

In ƙoto ya faɗa, sai a ƙyale shi har zoben ruwan da ya tayar ya kwanta. Nan ne yawancin mutane ke kasawa. Fara da ta faɗa ruwa ba ta tashi da gudu, takan yi shiru, ta motsa, ta sake yin shiru. Haka za a yi: fizga kaɗan, tsaya, fizga biyu, tsaya. Sau da yawa a cikin tsayawar nan ne kifi ke ɗauka. Sa'an nan ga babban gwaji. Ruwa zai fashe, zuciya ta buga, hannu ya so ya fizge nan take. Wanda ya yi haka ƙotonsa kaɗai zai dawo masa, wani lokaci ma a goshi. Sai an ji nauyi a zare tukuna a ja. In kifi ya kai bara bai samu ba, a bar ƙoton inda yake, a ɗan motsa shi, yakan komo.

Gaskiya ita ce ranaku da yawa kwaɗo mai rai ya fi na itace kamu, kuma karfasa, da yake yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan abubuwa, ba ta cika kula guntun tumfafiya ba, sai dai shinge. In iska ta tashi ruwa ya yi tunƙu-tunƙu, ko rana ta take, a naɗe zare a tafi gona. Ranar da gari ya lumshe da gajimare ita ce ranar ƙoton sama. Amfaninsa a wani wuri yake: ba a ɓata safiya wajen neman abin sokawa, ba ya mutuwa, ƙananan kifi ba su sace shi, kuma ba su iya haɗiye shi. Babban ƙoto babban baki yake kira. Lokacinsa kuma bai ci karo da noma ba, daga sallar asuba zuwa fitowar rana, sai kuma bayan la'asar sakaliya. A watannin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba, tarwaɗa biyu a tukunya ba ƙaramin abu ba ne ga gida mai yara.

Inda kwari ya ƙare

Wanda ya bi Dallol Mawri har ƙarshe zai ratsa dajin giginya, ya wuce inda Dallol Foga mai gishiri ya haɗu da shi, ya fito bakin kogin Kwara kusa da Dole, gabas da Gaya. Wannan yanki na kudu an sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2004. A watan Yuni kogi yana ƙasa ƙwarai. A Yunin 1985 ma, bayan babban fari, sai da ya daina gudu a Yamai. Ruwa in ya ja baya kifi yakan taru a gurabe masu zurfi, kuma nan ne ake gamuwa da tsage, mai haƙora kamar ƙusa, wanda ke korar ƙananan kifi har su riƙa tsalle bisa ruwa. Shi abu mai ƙyalli da gudu yake so. Zaren lailan kuwa yanke shi yake yi kamar da almakashi, sai an sa taƙi guda na waya a gaban ƙoto. Silin wayar birkin keke yana yi.

Giwan ruwa shi ne ya fi kama da bas a siffa da faɗin baki, sai dai tsakaninsu kamar tsakanin ɗan akuya ne da sa. Yana iya kai tsawon mitir 2. A bikin su na Argungu, can ƙasar Kabi, maƙwabtan Arewa ta gabas, wanda ya ci gasar 2020 kilo 78 ya kamo. Manyansa a zurfi suke zama, ba su cika tasowa don guntun itace ba, matasan ne ke farauta a gefen ciyawa.

Abin lura a Argungu ba girman kifin kaɗai ba ne. Bikin da aka soma a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya dogara ne ga abu guda: gurbin Matan Fada a rufe yake sauran shekara, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya buɗe. Kifi ya samu lokacin girma. Mutanen Lugu da Bagaji ba baƙin wannan tsari ba ne, su da kakanninsu ba su shiga farauta sai an buɗe daji.

Abin da ke kashe tabki

Makonnin nan da kifi ke kallon sama su ne kuma makonnin haihuwarsa. Tarwaɗa tana jiran ruwa ya hau ciyawa, da dare ta shigo inda bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai dubbai da ke manne wa ganye, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe. Karfasa namiji ne ke share gurbi a ƙasa, macen ta kwashe ƙwai a bakinta ta riƙe har su zama ƴaƴa. Gaiwa kuma namiji ne ke gadin rami. Duk kifin da za a ci da kaka da rani, a cikin ciyawar bakin tabki yake yanzu, bai kai ƙwayar hatsi ba.

To a nan ne ake ɓarna. Sange, wato gidan sauro, da aka raba kyauta don kare yara daga masassara, shi wasu ke ɗinkewa su ja a bakin tabki. Ba abin da ke tsira, har ƙwai. A cika kwano da ƴaƴan kifin da da an bar su wata huɗu da sun cika buhu, yaron gida kuma ya kwana a fili daidai lokacin da sauro ya fara yawa. Hasara biyu ke nan a jifa guda. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai zuba guba. Da can magimfa ake dakawa, yanzu har maganin ƙwarin gona wasu ke tsiyayawa. Tabkin nan shi ne mashayar shanun Fulani da awakin gari, nan mata ke wanki, nan yara ke wanka, kifin kuma a kasuwa zai ƙare a cikin wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun dokar su ta 1998 gwamnatin Nijar ta hana kamun kifi da guba da nakiya. Amma ma'aikacin gandun daji ba ya iya kwana a bakin kowane tabki. Inda abin ya yi kyau, mutanen gari ne da mai gari suka kafa kwamiti, suka sa ranar rufewa da ranar buɗewa, suka hana raga mai ƙananan ido.

Mai ƙugiya ma ba a wanke shi sarai ba. Tarwaɗar da ta fi saurin ɗaukar ƙoto a farkon damana sau da yawa uwa ce mai ciki cike da ƙwai, ana gane ta da kumburin ciki da laushinsa. Masu fatsar bas a Amurka yawancinsu sakin kifi suke yi bayan sun kama, abin da mutumin Arewa zai ɗauka wauta ce ta mai ƙoshi, kuma yana da hujja, shi don tukunya ya fito. Amma bambancin ƙugiya da sange shi ne ƙugiya ɗaya-ɗaya take kawowa, da rai, a hannu, mutum ya duba ya zaɓa. Tarwaɗa kuma tana da taurin rai, in aka zare ƙugiya aka mai da ta ba abin da ke samunta. A ci namiji, a ci wadda ta riga ta zubar, a saki mai ƙwai har ruwa ya zauna.

Wani amfanin fatsa daga tudu shi ne ƙafa ba ta shiga ruwa. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar. Tsargiya kuwa tana nan. Ƙwayarta a jikin ƙananan katantanwar tabki take girma, ta fito ta huda fatar mai tsayuwa cikin ruwa. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita, akwai magani, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. A kula da ƙayar tarwaɗa ta gefen kai wajen cire ƙugiya, a kama ta ta bayan ƙayoyin. In hadari ya taso da walƙiya a bar bakin ruwa, kada a tsaya da doguwar sanda a hannu. Ƙananan yara kuma kada su je su kaɗai, don ramin da aka ɗebi ƙasar gini da rani ba ya nuna kansa in ruwa ya rufe shi.

Wajen tsakiyar Agusta shinge ya wuce, tabki ya cika ya kwanta, ruwa ya fara washewa, abinci ya yawaita a ƙasa, kifi ya rage tasowa. Masu guntun tumfafiya su rataye shi a jikin danga su koma ga tana da dalma. A kwarin Tibiri da Gesheme za a ci gaba da su har cikin ɗari, mata suna banda suna kai wa kasuwa. A tudun Lugu kuwa, kafin a gama ɗaure dammunan hatsi ruwan ya fara ja da baya, shanu suna dama abin da ya rage. Balbela da zalɓe su taru a kan ƴan kududdufai. Gaiwar da ta tsere wa ƙugiya da bakin zalɓe ta sa kai cikin laka.